Jan Aiki a Cikin Koren Ganye



Tun muna sakandare aka koya mana cewa sirrin ganye shi ne kulorofil, koren sinadarin da ke kama hasken rana domin tsiro ya haɗa abincinsa. Ba a yi mana ƙarya ba, amma an rage mana zance. Akwai wani ma'aikaci da littattafanmu suka yi wa rowar suna, watau him, sinadarin nan da ya ba jininmu launin ja.

Him da kulorofil 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowannensu zobe ne, kuma ta hanya guda tsiro ke fara ƙera su, sai can gaba hanyar ta rabu: in aka dasa maganiziyam a tsakiyar zoben, an nufi kulorofil, in baƙin ƙarfe aka dasa, an sami him. Shi kuwa him ba a sakinsa sakaka, don ɓarna yake yi. Furotin ne ke riƙe shi, ya daidaita ƙarfinsa. Irin waɗannan furotin su ne David Keilin na Jami'ar Kambirij ya raɗa wa suna sitokrom a 1925. A 1951 Robert Hill da abokin aikinsa suka bayyana wani a cikin ganye, suka kira shi sitokrom f, daga kalmar Latin mai ma'anar ganye.

To, mene ne aikinsu? Cikin ganye akwai tashoshi biyu masu karɓar haske. Ta farko kan fizgi ilaktiron daga ruwa, iskar da muke shaƙa ta fito. Ta biyu na jiran ilaktiron ɗin, amma akwai rata a tsakani. Gadar ita ce gungun sitokrom b6f. Ƙarfen da ke cikin him ya karɓa ya miƙa, ya karɓa ya miƙa, tamkar magina masu jefa wa juna tubali. Garin haka ake tura furoton bayan wani siririn tantani, su taru kamar ruwa a madatsa, kuma ƙarfin kwararowarsu ne ke samar da makamashin haɗa sukari. Da aka ga siffar gungun a 2003, sai ga wani ƙarin him da masana ba su zata ba; ya zama huɗu ke nan a kowane ɓari.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuncin gadar nan. Rana tana iya ƙwallewa, ruwa ya wadata, amma abin da gada ba ta ɗauka ba, ba zai ƙetare ba. A 2023 masu bincike a Ostireliya suka ba da rahoton dawar da suka ƙara wa ɗaya daga furotin na gungun, ta fi 'yan'uwanta tsaba. A ɗakin gilashi aka yi gwajin, ba a gona ba, don haka kada mu yi saurin guɗa. Amma dawa ce fa, tuwonmu, kuma mutanen wata nahiya ne ke leƙa cikin ganyenta.