Tsakanin Ƙofar Fada da Ƙofar Likita

 

Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Wakilan hukuma, masu gari da malamai, iyayenmu mata, jama'ar Gidan Sori na gida da waɗanda wannan biki ya dawo da su daga nesa, ina miƙa maku gaisuwar ban girma. Ni ba likita ba ne, aikina magana ce a gidan rediyo. Sai dai shekarun da na yi ina karɓar kiran masu sauraro sun nuna mani wani abu da nake so in ajiye gaban fada a wannan rana da sarauta ta cika shekara 100.

Wata damina, wata dattijuwa ta kira shirinmu. Ɗiyarta ta fara naƙuda tun la'asar, ba a kai ta likita ba sai bayan asuba. Mijin yana ci-rani, babu wanda ya yarda ya ce a tafi. Da aka samu izini, aka shiga neman amalanke. Da majo ya duba ta ya ce sai an wuce babban asibiti, aka koma neman kuɗin mai. Uwa ta rayu, jariri bai zo da rai ba. Izini, amalanke, kuɗin mai: a cikin ukun nan babu wanda ake koyarwa a makarantar likitoci. Duk aikin gari ne.

Hukuma ta daɗe da gane haka. Taron Bamako na 1987 ne ya kawo tsarin sa hannun jama'a cikin tafiyar da ƙananan asibitoci, daga nan muka samu kwamitin da ake kira COGES. Daga 2001, ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou, aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Alheri ne babba, amma kuɗin da ya kamata hukuma ta mayar wa asibitoci ya riƙa jinkiri, kantar magani ta bushe. Jama'a ba su san dalili ba, sai suka ce majo ya sayar. Shi kuma majo ya ce mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Kwamitin da aka kafa don ya tsaya tsakani, a wurare da dama ya zama shugaba da ma'aji kawai, su sa hannu a takarda, kowa ya kama gabansa.

Nan ne nake ganin ya kamata mu maza mu sunkuyar da kai mu koyi darasi wajen mata. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, kuma daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da taronsu ya san yadda suke yi: a buɗe akwati gaban kowa, a ƙirga kuɗi da babbar murya, wadda ba ta yi boko ba ma ta san abin da ya shiga da abin da ya fita. Me zai hana lissafin likita ya bi wannan hanya? Roƙona na farko, ranka ya daɗe, shi ne duk bayan wata uku majo da COGES su zo ƙofar fada su karanta lissafi da Hausa: maganin da ya zo, wanda ya ƙare, bashin da ake bin hukuma. Kuma a bai wa ƙungiyoyin mata kujera ta gaske a kwamitin, domin su ne ke kwana kan tabarmar asibiti da yaro a cinya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun riga mun ga abin da haɗin kai ke yi. Bayan yunwar 2005, iyaye mata sun koyi awon dantsen yaro da ma'auni mai kala uku, suna gane tamowa tun ba ta kwantar da shi ba. Tun 2013 ake rarraba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina. Mai rabo yana ba yaro na ranar farko a gabansa, na kwana biyu da suka rage a hannun uwa yake barinsu. Wa zai tuna mata, ga aikin gona ga daka? Liman bayan sallah, sanƙiran mai gari, shugabar adashe. Mu ma a rediyo muna da laifi: mukan karanta sanarwa sau ɗaya mu wuce ga gaishe-gaishe.

Ga ma'aikatan lafiya kuma, da girmamawa: macen da aka daka wa tsawa ranar awon ciki ba ita kaɗai aka kora ba, har da kishiyarta da maƙwabtanta.

Roƙona na biyu ya koma kan daren nan na dattijuwa. Kowane ƙauye ya san amalanke ko babur ɗin da zai fita idan naƙuda ta zo, a ware kuɗin mai cikin asusun gaggawa, lambar majo tana hannun mai gari. Duk magidancin da zai tafi ci-rani bayan kaka, kafin ya ɗauki jakarsa ya faɗa gaban mai gari da shaidu cewa idan ciwo ko haihuwa ta taso, a kai iyalinsa likita ba sai an jira wayarsa ba. Wannan ba ya buƙatar ko dala daga Yamai, umarnin fada kawai yake jira.