Amsoshin Tambayoyinku: Intanet Ya Yi Nauyi a Gida, Shin Rauta Ce Ta Mutu?

Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga garin Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato. Wani mai sauraronmu ne, ɗan kasuwar hatsi da albasa, ya ce yana da rauta a gida, irin wadda ake sa wa layin waya. Da ita yake aika hotunan kaya ga abokan cinikinsa na Jega da Legas, da ita kuma yake duba ko kuɗi sun shigo. Ya ce wata da watanni tana aiki lafiya lau, sai kwatsam ta yi nauyi, hoto ɗaya sai ya kwashe minti biyar bai sauka ba. Wani ya ce masa rautar ce ta mutu, ya sayi sabuwa. Shi ne yake tambaya, shin haka ne? Mun sami irin wannan tambaya ma daga wajen Kebbe.

To Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka yi saurin sa hannu a aljihu. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum ne laifin yake ga rauta ba. Kai da ka san noman rani, in ruwa ya rage ƙarfi a bakin tiyo, ai ba inji kake fara sayowa ba. Sai ka duba ko tiyon ya lanƙwashe, ko ya huje, ko kuwa rijiyar ce ta ja baya. To haka intanet yake. Abin da za ka fara ganewa shi ne, matsalar a cikin gidanka take ko a waje?

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka leƙa wajen maƙwabcinka ko mai POS na bakin kasuwa da ke amfani da layin kamfani ɗaya da naka, ka tambaye shi yadda nasa yake. In shi ma yana kuka, to matsalar ta gari ce. In nasa garau yake, sai ka dawo gida. Ka zare layin daga rauta ka sa shi cikin wayarka, ka tsaya a wurin da rautar take. Idan ya yi gudu a waya, laifin na rauta ne. Idan nauyin na nan, to ka bar rauta ta huta, laifin na layi ne ko na sabis.

Mu fara da na cikin gida. Na farko, data. Ka danna *323# ka ga abin da ya rage maka. Tun shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta mai da waɗannan lambobi iri ɗaya ga duk kamfanonin waya. Ka kuma lura da tsarin nan da ake cewa ba ya da iyaka. Galibinsu suna da wani sharaɗi, in ka cinye wani adadi sai a rage maka gudu har lokacin sabuntawa ya zo. Ba a yanke ka ba, amma an ɗaure maka ƙafa. Wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa intanet ya yi nauyi rana ɗaya, musamman wajen ƙarshen wata.

Na biyu, mutum nawa ne ke shan ruwan rijiyar taka? Ka ba yaronka lambar sirri, shi kuma ya ba abokinsa, kafin ka ankara samarin majalisar ƙofar gida duk suna kallon ƙwallo da kuɗinka. Bidiyo shi ne mai cin data, waya biyu ko uku masu kallo sun isa su danne kowa. A jikin rauta, ta baya ko ƙarƙashin batir, akwai adireshin shiga cikinta. Ka sa wanda ka amince da shi ya buɗe maka, za ku ga jerin wayoyin da ke haɗe. In ka ga baƙi, ka sauya lambar sirri. Su ma wayoyin gida ka duba, don wata waya kan kama sabunta kanta ba tare da mai ita ya sani ba.

Na uku, zafi da wuta. A ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Rauta in ta ɗau zafi takan yi sanyin aiki. Ka kashe ta, ka bar ta minti biyar ta huce, sannan ka kunna. Ka kuma duba caja, domin cajar da ba tata ba, ko batirin sola da ya yi ƙasa da dare, kan sa ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Amma fa ɗan ramin nan da ake soka wa tsinke, kada ka taɓa shi sai da wanda ya sani, don yana goge duk saitin da aka yi mata.

Na huɗu, mazauninta. Ko an matsar da ita kwanan nan? Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna tare sabis. Ka ɗora ta sama, kusa da taga, ta gefen da ƙarfen sabis yake.

To, sai na waje. Nan alamu biyu za ka riƙe. Idan 'yan sandunan sabis sun ragu, ko 4G ya koma 3G ko harafin E, mai yiwuwa ƙarfen da ke kusa da ku ne ya tsaya, na'urarka ta kama wani mai nisa. Yawancin ƙarafan nan da janareta da batir suke aiki, in man dizal ya yanke ko an sace batir, shi ke nan. Idan kuwa sanduna sun cika fal amma ba abin da ke motsi, to ko dai jama'a ne suka yi yawa, kamar ranar kasuwa, ko bayan sallar isha'i, ko lokacin bikin salla, ko kuma an tsinke wayar faiba da ke binne a gefen hanya, abin da masu aikin titi kan jawo. Yadda za ka bambance su, ka gwada bayan sallar asuba. In ya yi gudu a lokacin, cunkoso ne, sai ka mai da aika hotunanka da sassafe.

Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin jiha. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Nijeriya da maƙwabtanta suka shiga wahala, har bankuna suka kasa aiki sosai, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Kuna kuma tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda ya sayi sabuwar rauta a irin waɗannan ranaku, ai kuɗinsa kawai ya zubar.

In ka tabbatar matsalar ta waje ce, ka kira 300, lambar kai ƙara ga kamfanin layinka. Ka faɗi sunan garinku da ranar da abin ya fara, ka nemi lambar ƙorafinka ka rubuta ka ajiye. Ku yi hakan ku da yawa, don kukan gari ya fi na mutum ɗaya saurin isa. In an yi shiru, ka kira 622, layin NCC ne, kyauta ne. Ɗan kasuwa kuma ya kamata ya ajiye layi na biyu na wani kamfani daban, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Duk wanda ya kira ka ya ce zai ƙara maka ƙarfin sabis in ka karanto masa lambar da aka turo maka, ko lambar BVN, ko ta katin banki, ɓarawo ne, ka kashe wayarka. Ba a gyara sabis da lambar banki.

Saboda haka Malam, sai in layinka ya yi gudu a waya, ka sauya caja, ka bar rautar ta huce, ka kori baƙi, amma duk da haka ta ƙi, a nan ne maganar sayen sabuwa ta taso. Da fatan ka gamsu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, manomanmu kuma Allah ya ba da amfani mai yawa. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mu kwana lafiya.