Manzo Bulus a Kan Matakala, da Yaron Nan Dorugu

 Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni sura 22, daga aya ta 1 zuwa ta 21. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe mu bi tare.

Ga Manzo Bulus a Urushalima. Taro ya ja shi daga Haikali, ana ta dukansa, sojojin Roma suka ƙwace shi da kyar. Suna hawa matakala da shi za su shiga bariki, sai ya roƙi izini ya yi wa jama'a magana. Da mu ne, da gardamar Attaura za mu soma, gama abin da aka koya mana ke nan a makarantar tauhidi. Bulus kuwa sai ya ba su labarin ransa. Ya faɗi garin da aka haife shi, Tarsus ta ƙasar Kilikiya. Ya faɗi malaminsa, Gamaliyel. Ya yi maganar da harshen iyayensa, Luka kuma ya shaida mana cewa da suka ji harshen, sai suka ƙara yin tsit. Bai tsallake wurin kunya ba. Da bakinsa ya ce shi ne ya tsare tufafin waɗanda suka jajjefe Istifanas. Ya kuma ba da labarin hanyar Dimashƙu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan nassi, wata jana'iza ce. Kun san al'adarmu, kafin a tafi makabarta akan karanta tarihin marigayi. Wani dattijon Ikkilisiya ya rasu, 'ya'yansa, dukansu masu ilimi, suka kawo mana takarda shafi biyu. Tarihin ya fara ne daga shekarar da ya soma aikin wa'azi, sai ka ce a ranar aka haife shi da gemunsa. Muka karanta yadda aka ba mu. Muna gamawa, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta miƙe, ta ce, "Pasto, ka yi mini gafara, amma ba a faɗi ta inda Allah ya same shi ba." Wuri ya yi shiru. Ta ce ɗan Maguzawa ne daga wajen Malumfashi, kuturta ta kama shi yana saurayi, danginsa suka kawo shi Babbar Ruga, asibitin kutare na nan kusa da birni, wanda mishan ɗin SIM suka riƙe a zamanin Turawa. Can ya koyi karatu, can ya ji Bishara, can kuma ya auri uwar waɗannan 'ya'ya. Jikokinsa suna ganin yatsunsa kullum, ba wanda ya taɓa gaya musu dalili.

Ba mu ga laifin 'ya'yan ƙwarai ba. Mun san kunya, Katsina kuwa ɗakin kara ce. Laifin namu ne mu masu wa'azi, da muka koya wa mutane irin shaidar da ba ta wuce layi biyu: dā ina cikin duhu, yanzu ina cikin haske. Gaskiya ce, amma ba ta da suna, ba ta da gari, ba ta da uwa da uba. Yaron da ya tashi da ita, ranar da wani ya ce masa a makaranta ko a kasuwa, "Ai Bahaushe ba ya zama Kirista, kai dai ka faɗi asalinka," ba shi da abin amsawa. Wasu sukan bar Hausa su ɓuya cikin Turanci. Wasu sukan bar majami'a. Mun ga duka biyun.

Bari mu ba ku labarin wani yaro da ya taɓa ratsa wannan birni. Sunansa Dorugu, Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, ubansa makaɗi. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Kukawa ta Barno cikin bauta. Wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai yaron ya bi abokin tafiyarsa, Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. A 1853 suka sauka a nan Katsina a kan hanyarsu ta zuwa Sakkwato da Tambutu. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila, shi da wani abokinsa Abbega.

A can ya zauna a gidan wani limamin mishan na CMS mai suna Schön, wanda yake fama da koyon Hausa. Schön ya ce masa ya ba da labarinsa, yaron yana faɗi, shi yana rubutawa. Dorugu ya faɗi gidansu, da ranar da aka kama shi, da yadda aka raba shi da ubansa, da doguwar tafiya, har da yadda Turawa suke zama su ci abinci, abin da ya ba shi mamaki kamar yadda namu ci yake ba su. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, yana kuwa cikin tarihin kai mafi daɗewa da aka buga da Hausar boko. An yi masa baftisma a Ingila. Daga baya ya komo gida, ya ƙare ransa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

To, ga inda muke so ku kasa kunne. Da Hausar bakin wannan yaro Schön ya samu taimako wajen fassara sassa na farko na Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu, shekaru da dama kafin cikakken Littafin ya fito a 1932. Masu bauta sun raba shi da gida, da dangi, da tufafin jikinsa. Abin da ba su iya ƙwacewa ba shi ne harshen uwarsa da abin da ya tuna, su kuwa Ubangiji ya yi aiki da su. Ba mu ce bauta alheri ce ba, faufau. Yusufu ma da ya gafarta wa 'yan'uwansa, a Farawa sura 50, sai da ya kira abin da suka yi masa mugunta. Amma da Dorugu ya ji kunyar cewa shi bawa ne ya yi shiru, da mun yi hasara babba.

Haka Bulus. Tarsus ta ba shi Helenanci, an kuma haife shi da 'yancin ɗan ƙasar Roma, ya kuwa yi amfani da 'yancin nan a wannan sura, sa'ad da aka ɗaure shi za a yi masa bulala. Gamaliyel ya ba shi sanin Littattafai. Tufafin nan da ya tsare suka ba shi tawali'u har ƙarshen ransa. A Filibiyawa sura 3 ya ce asalinsa ba abin taƙama ba ne a gaban Almasihu, amma ku lura, sai da ya lissafta asalin ɗaya bayan ɗaya, har da kabilarsa ta Biliyaminu. Bai manta ba.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu tsofaffi, a daren nan bayan tuwo ku kira jikoki. Ku faɗi sunan ƙauyen, ku faɗi abin da kakanku yake yanka wa tsafi, da wanda ya fara karanta muku Yahaya, da wanda ya kore ku, da maƙwabcin nan Musulmi da ya ba ku masauki sa'ad da naku suka ƙi ku, gama da yawanmu muna da irin wannan maƙwabci. Ku matasa kuma, ku sami littafin rubutu na makaranta, ko ku ɗauki muryar da waya. Ku rubuta da Hausa, yadda aka faɗa, kada ku gyara wa tsoho magana. Babban ɗan dattijon nan ya zo wurinmu bayan makoki yana neman gidan tsohuwar. Mun ji ya je sau uku, da littafinsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai da ka san Dorugu a Kukawa, ka san bawanka a Babbar Ruga, ka buɗe bakin tsofaffinmu tun suna da rai, ka ba 'ya'yanmu haƙurin zama su ji. Cikin sunan Yesu, amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba sura 26, inda Bulus ya sake ba da labarin nan a gaban Sarki Agaribas. Ku huta lafiya.