JAWABIN KWAMITIN JIRGI KAN ABIN DA YA SAMI WUTAR JIRGINMU NA TAFKI

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwanmu da suka zo daga Maraɗi da Kano da Ikko da Abijan, barkanku da zuwa gida. An ce mu tashi mu yi bayanin abin da ya sami jirgin da kuka haɗa kuɗi kuka saya domin kai baƙi yawo cikin tafki, tun da magana ta yi yawa a gari.

Kun dai ji labari. Ran nan da la'asar sakaliya jirgi ya ɗauki baƙi takwas. Da suka kai tsakiya sai yaronmu ya kashe inji don su kalli tsuntsaye, gama tun da aka sa tafkin Madarumfa cikin jerin wuraren dausayi na Ramsar a 2019, wasu baƙin tsuntsayen ne ke kawo su. Da ya zo tayarwa sai inji ya ce ƙas, ya yi shiru, sa'an nan warin roba ya tashi. Igiyar tayarwa da hannu kuwa ta daɗe da tsinkewa, ba wanda ya gaya mana. Sai da masunta suka jawo su bayan magariba, Allah ya saka musu da alheri. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka riƙe jirgi. Ba mu zo jayayya da manya kan tafkin da waliyyai 99 ke kwance kewaye da shi ba. Abin da idonmu ya gani kawai za mu faɗa.

Kuran, watau wutar lantarki, ba ya aiki sai ya fita ya komo gida. Daga batiri yana fita ta jar waya, ya komo ta baƙa, wadda makanisiye ke kira mas. A mota, ƙarfen jikinta ne hanyar komowa, shi ya sa mai gyaran mota ya saba ɗaure mas ko'ina ya ga ƙarfe. Jirginmu kuwa ba na ƙarfe ba ne. Kowace fitila, kowane famfo, sai an ja masa waya biyu, ta tafiya da ta komowa. Wanda ya fara ɗaura mana wuta gwani ne a mota, amma aikin mota ya yi mana cikin jirgi.

Da farko batiri muka zarga, har muka kusa rubuto muku takardar neman kuɗin sabo. Da aka auna shi sai ya nuna bolti 12,6, cikakke ke nan. Wanda ya sha rabi yakan nuna wajen 12,2. To, sai muka bi babbar baƙar wayar da ta tashi daga batiri zuwa jikin inji. Daga waje lafiya lau. Da muka ɓare robar kusa da noti, sai ga jan ƙarfen ya koma kore, ya rududduge, zare uku ko huɗu suka rage. Ruwan da ke kwana ƙasan jirgi ne ya shiga ya ci shi a hankali. Zare uku sun isa fitila, shi ya sa fitila ke kamawa kullum tana ruɗinmu, amma tayar da inji kuran mai yawa yake ja lokaci guda. Da ya rasa babbar hanya sai ya bi wata siririyar wayar fitila da ta haɗa inji da batiri. Ta yi zafi ta narke, taƙi biyu tsakaninta da jarkar mai. Nan ne jikinmu ya yi sanyi, jama'a. Mutum takwas, har da mace mai goyo.

Wani abin kunya kuma, inda ya kamata mu tarar da fizibil, wanda ƴan Najeriya ke kira fis, takardar azurfa ta kwalin taba muka tarar. Fizibil an yi shi don ya ƙone maimakon waya. In ya ƙone a nemi dalili, a mayar da irinsa. Yanzu mun sa ɗaya kan jar wayar fitilu dab da batiri, bai kai taƙi guda ba.

Ga abin da muka koya wa yaran jirgi. In za a taɓa waya, a fara cire baƙin kan batiri, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa. Farin garin nan da ke taruwa bisa kan batiri a wanke da ruwan kanwa, a goge, a ɗaure tam, a shafa giris. In batiri na kwana cike ya tashi a mace, a kashe kome, a cire baƙar waya, a sa ƙaramin ƙwan fitila tsakaninta da kan batiri. In ya kama, akwai inda kuran ke zurarewa. A riƙa zare fizibil ɗaya ɗaya har ya mutu. Kada kuma a sa wayar gida mai tsinke ɗaya, girgizar inji na karya ta. Mai zaruruwa ake so.

Sauran magana ɗaya, ga masu son a sa janareto cikin jirgi don kiɗan sallah. Mun ƙi. Bolti 12 na batiri gobara ce haɗarinsa, amma bolti 220 in ya zurare cikin ruwan daɗi irin namu, jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukarsa. Yaro mai iyo kusa da jirgi gaɓoɓinsa za su sandare ya nutse, a ce ruwa ya ci shi.

Gyaran ya ƙare, an sake waya duka, an sa sabuwar igiya da filafili biyu. Jirgi ba zai ɗauki kowa ba tukuna sai dattawa sun zo bakin tafki ran Juma'a bayan masallaci sun duba da idonsu. Takardun kuɗin suna hannun ma'aji ga mai son gani. Wassalam.