JAWABI GA HAUSAWAN AGEGE A KAN RUSHE-RUSHE DA DOGAYEN BENAYE

Ya ku sarakuna, malamai, dattawa da sauran 'yan'uwa mazauna Ikko.

Kowa ya sani cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa su ne suka zaunar da kakanninmu a Zangon Agege. To, yau garin yana sake kama. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, bayan an rushe gidaje da kantuna domin ta samu hanya, sa'an nan a 2024 aka buɗe sabon layin jirgin cikin gari mai tsayawa a Agege. Duk inda tasha ta zo, ƙasa tana yin tsada, masu kuɗi kuma su zo neman tsofaffin gidaje domin su tayar da benaye.

Ba ma ƙin ci gaba, amma akwai abubuwa uku da ya kamata mu lura da su.

Na farko, tsufan gini ba ya kare shi. Gidan Ilojo Bar na dandalin Tinubu yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, duk da haka aka baje shi a 2016. Ƙofar Na'isa ta Kano ma an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi. Ina ga zauruka da masallatanmu waɗanda ba a rubuta su ko'ina ba? Jihar Legas tana da dokar kare wuraren tarihi ta 2011. Wajibi ne shugabanninmu su nemi a shigar da namu.

Na biyu, tsawon bene yana da iyaka. Muna maƙwabtaka da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, inda dogon gini yake bukatar izinin hukumar jiragen sama, ban da na hukumar tsara gari. Mu tuna da bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ran 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka mutum fiye da 40. Kada kwaɗayin kuɗin haya ya sa a ɗora hawa a kan tsohon harsashi.

Na uku, takarda. Mutanen Maroko sun ga haka a 1990: ranar rusau ba a tambayar shekarun zama, takardar mallaka ake tambaya. Gidan gado da ba a raba ba, a zauna a daidaita shi tun dattawan da suka san iyakoki suna raye.

Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.