Gajiyar Bayan Ritaya

(Jawabin da wani dattijonmu, tsohon malamin asibiti, ya yi a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan.)



Shugaba ya ce in yi magana a kan lafiyar dattijai, ni kuwa na roƙe shi ya bar ni in tsaya a kan abu ɗaya tak, wato gajiyar nan da takan kama mutum a makonnin farko bayan ya ajiye aiki. Mutanenmu da dama sun yi ritaya kwanan nan, wasu daga reluwe, wasu daga kwastan, wasu 'yan sanda, har da malaman makaranta. Kusan duk wanda ya biyo ta ƙofar gidana maganarsa ɗaya ce: "Malam, ban yi aikin komai ba, amma jikina kamar an daka sakwara a kai."

Jama'a, mu a Sabo ba mu gaji ritaya ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, iyayenmu da kakanninmu fataken goro ne da dillalan shanu da mahauta. Ɗan kasuwa ba shi da ranar ajiye aiki. In ƙarfi ya fara raguwa sai ya rage tafiya, ya tura yaro kara, shi kuma ya zauna a zaure yana karɓar baƙi yana sasanta ciniki. A hankali yake sauka, kamar mai saukowa daga tsani. Ma'aikacin gwamnati kuwa doka ce ke sauke shi: shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara wa zuwa 65 ko 40. Ranar Juma'a yana ofis ana ce masa ranka ya daɗe, ranar Litinin babu mai jiransa ko'ina. Shi ya sa in ya ce ya gaji, maƙwabcinsa ɗan canji sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gajiyar me? Kai da kake kwance?"

To, gajiyar gaskiya ce, kada wanda ya ji kunyarta. Mutumin da ya yi shekara 35 yana tashi kafin asuba don ya riga cunkoson Mokola, ko wanda ya yi ta aikin dare a tasha ko a asibiti, jikinsa yana binsa bashin barci, kuma jiki ba ya yafe bashi. Tsoron makara da tsoron takardar gargaɗi su ne suka riƙe shi tsaye. Ranar da aka cire su sai jikin ya saki, kamar buhun da aka zare wa igiya. Ni kaina da na ajiye aiki, sati biyu na farko ko labaran rediyo na fara saurare ba na kai ƙarshensu.

Bayan wannan akwai rikicewar agogo. Aiki ne yake gaya wa mutum lokacin tashi da na cin abinci da na kwanciya. Da babu shi, sai ka ga mutum ya koma barci bayan asuba har ƙarfe goma, ya sake kwanciya bayan azahar, da dare kuma idonsa biyu yana juyi, yana lissafin kuɗin makarantar yara. Gari ya waye ya tashi a gajiye, ya ƙara kwanciya don ya huta, abin ya ƙara lalacewa. Akwai kuma wadda ba a son faɗa, gajiyar zuciya. Wayar da take ƙara tun safe ta yi shiru. Yaran da ka koya wa aiki sun daina kira. Wani masanin zamantakewa na Amurka, Robert Atchley, ya rubuta tun 1976 cewa mai ritaya yakan fara da ɗoki kamar na ango, daga baya ɗokin ya wuce ya shiga wani lokaci na sanyin jiki, kafin ya sake daidaita rayuwarsa. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Maganin wannan ba tsada. Ka tsai da lokacin tashi, in ka fito sallar asuba kada ka koma shimfiɗa. Ka taka da ƙafa, ko daga nan zuwa filin wasa na Adamasingba ka dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada a yi ta bayan la'asar. Sannan, ku gafarce ni masu huhu, goro da shayi bayan magariba suna hana barci, domin sinadarin da ke cikin kofi shi ne a cikinsu. Na san na taɓo kasuwar wasu, amma ku ci da safe, ba wanda ya hana.

Sai dai ba kowace gajiya ce ta ritaya ba. Shekara sittin ita ce kuma shekarun hawan jini da ciwon sukari, su kuwa ba sa sallama. In gajiyar ta zo da yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko rama, ko kumburin ƙafa, ko numfashi yana yankewa in ka hau ɗan tudu, to asibiti za ka, kada ka tsaya wajen mai tallar magani a mota. Awon jini in yana kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, magana ce ta likita. Haka kuma in mutum ya haura sati biyu ba ya jin daɗin komai, ba ya son abinci, ba ya son ganin mutane, har jikokinsa suna ba shi haushi, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Matan gida, ku kuka fi kowa saurin ganewa. Ku faɗa wa babban ɗa ko aminin maigidan.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na nemi wannan magana. A daidai makonnin nan da mutum yake a gajiye, kansa bai zauna ba, a lokacin ne ake kawo masa manyan shawarwari guda biyu.

Ta farko kuɗi. Waɗanda suka yi aikin tarayya sun sani, tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, kuɗin mutum yana cikin asusunsa ne: ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wurin aikinsa ya zuba kashi 10. In ya ajiye aiki za a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓa: ko kamfanin da ke riƙe da asusun ya riƙa biyansa wata-wata, ko a miƙa wa kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rayuwarsa. Kowanne da amfaninsa, amma ku sani wanda ya koma inshora ba ya dawowa. Takarda irin wannan ba a sa mata hannu da ido mai barci. Ka tafi da ita gida, ka nemi ɗanka ko wani mai ilmin abin ya karanta maka sau biyu. Kuɗin dunƙulen kuwa, kafin ya shigo labarinsa ya riga ya zaga unguwa. Wannan zai ce a sayi tirela, wancan zai ce a loda shanu, wani zai ce ga harkar canji. Mutumin da ya yi shekara 35 yana riƙe da biro bai san haƙorin sa ba, bai san abin da direba yake yi a hanyar Jebba ba. Ban ce kada a yi sana'a ba, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Na ce a bar kuɗin ya kwana wata uku. Wanda ya kawo maka harkar gaskiya zai jira. Wanda ya ce sai yau sai gobe, ka san inda ya dosa.

Ta biyu ita ce tamu ta mazauna nan: "Alhaji, yaushe za ka koma gida?" 'Yan uwa na Arewa suna tambaya, mu ma muna tambayar kanmu, balle tun rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 da ya sa hankalin mutane da yawa ya tashi. Mai gajiya kuwa komai na garin da yake zaune haushi yake ba shi, sai ya ga kamar in ya koma Kano ko Katsina ko Sakkwato jikinsa zai warware. Gajiyar a jikinka take, tare za ku hau mota. Wasunmu a nan aka yanke mana cibiya. 'Ya'yanmu Yarbanci suke yi kamar Hausa, makarantarsu nan, sana'arsu nan, likitan da ya san ciwonka nan, wanda zai ba ka bashi ba takarda nan. Can kuwa sa'o'inka da yawa sun riga mu gidan gaskiya, gonar gado an raba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Akwai waɗanda suka koma suka ji daɗi, na san su, amma sun je sun yi wata biyu ko uku tukuna, sun ga damina sun ga rani, ba su sayar da gidansu na nan ba sai da suka tabbata. Gidan Sabo in ka sayar yau, da wuya ka iya sayensa baɗi.

Kafin in zauna, kalma ɗaya ga 'yan uwana maza. Uwargida ta yi shekara talatin tana tafiyar da gidan nan daga safe zuwa yamma ba tare da kai ba. Kada ka mai da tsakar gida ofis, kana ƙirga dunƙulen Maggi kana tambayar inda aka kai ragowar manja. Ka fito zaure. Ƙungiya tana neman masu rubuta takardu, makarantarmu ta dare tana neman mai koyar da lissafi, matasanmu suna neman wanda zai nuna musu yadda ake cika fom. Shugaba, ina roƙon a buɗe littafi a rubuta sunan duk wanda ya yi ritaya da irin aikin da ya iya, a kuma sa mutum biyu su riƙa leƙa shi a watanninsa uku na farko.

Na zo da abin awon jini a jakata. In an tashi taro ina nan bakin ƙofa, duk mai so ya zo, mata su fara.