Renon Yaro Mai Amosanin Gaɓɓai

 

An nemi in yi magana a kan renon yaro mai amosanin gaɓɓai. Na san wasu za su yi mamaki, domin a wurinmu ciwon gaɓɓai na tsofaffi ne. Amma tun 1897 wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana wannan cuta a jikin ƙananan yara, kuma ƙiyasin ƙasashen Turai ya nuna tana kama kusan yaro 1 cikin 1,000. Likitoci suna kiran ta da wannan suna ne idan gaɓa ta kumbura kafin yaro ya cika shekara 16, kumburin ya kai mako 6 bai saɓe ba, kuma bincike bai nuna wani dalili ba. Garkuwar jikin yaron ce take juyowa kansa, ta far wa tantanin da ke cikin gaɓa, ruwa ya taru, wurin ya yi ɗumi. Ba a ɗaukar ta a wurin wani. Ba wankan ruwan sanyi ke kawo ta ba, kuma ba laifin uwa ba ne, ko da dangin miji sun ce daga gidansu ta zo da ita.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, wannan cuta da safe take nuna kanta, a cikin ɗaki, inda ba likita. Yarinya 'yar shekara uku ta tashi daga barci ta ƙi taka ƙafa, tana miƙa hannu a ɗauke ta. Ta yi ɗingishi zuwa hantsi, da azahar kuma ga ta tana tsalle da 'yan uwanta. Sai a ce shagwaɓa ce. Babba kuwa a ce lalaci ne, ba ya son makaranta. Alhali gaɓar ce take sandarewa cikin dare, motsi ya sassauta ta da rana. Yara da yawa ba sa cewa "ciwo nake ji". Sai dai ka ga yaro ya daina durƙuso a sallah, ya kasa tanƙwashe ƙafa a makarantar allo, ko ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Uwar da ta lura da wannan, ta gaya wa likita lokacin da abin yake farawa da lokacin da yake saki, ta ba shi abin da gwajin jini ba zai ba shi ba, domin babu gwaji guda da ke tabbatar da cutar.

A ƙasarmu dole a fara kawar da wasu zato: sikila, tarin fuka na ƙashi, ƙwayar cuta a cikin gaɓa, har da sankarar jini. Shi ya sa asibitin koyarwa ya fi dacewa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Mai ɗori gwani ne a karaya, amma nan ba abin da ya karye. Idan aka ɗaure gwiwa mai kumburi na makonni, za ta iya ƙagewa a lanƙwashe. Tsaga da ƙaho ba sa kai wa inda ciwon yake.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin kemis. Ana ba yaro dexamethasone ko prednisolone, cikin kwana biyu ya miƙe yana gudu, iyaye su ce an dace. Sai a ci gaba wata da watanni. Fuska ta kumbura, tsawo ya tsaya, ƙashi ya yi rauni, kuma yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Likita kan yi amfani da irinsa, amma da awo da wa'adi. Ginshiƙin magani a wurin yara da yawa shi ne methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako. Ina maimaitawa: a mako, domin shan sa kullum yana iya kisa. A tsayar masa da rana guda, a ce kowace Juma'a, a riƙa gwajin jini don duba hanta. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma a nan ne iyaye da yawa suke karaya. Idan yarinya ta kai munzalin aure, a sanar da likita, domin yana yi wa ɗan tayi illa. Akwai sababbin allurai kamar etanercept, da aka amince da shi ga yara a Amurka a 1999, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Sai ido. Cutar takan shiga cikin ido shiru, ba ja, ba zafi, musamman ga ƙananan 'yan mata masu kumburin gaɓa ɗaya zuwa huɗu. Kafin yaro ya ce ba ya gani, an yi ɓarna. Ga waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, ana so likitan ido ya duba su duk wata 3, ko da gwiwa ta lafa.

A gida kuwa, tausayi kan sa a kwantar da yaro a hana shi komai. Wannan kuskure ne. Gaɓar da ba ta motsi sandarewa take yi, naman da ke kewaye da ita ya motse. A tashe shi da wuri, a gasa masa wurin da ruwan ɗumi, musamman da hunturu, a yi masa atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar, a bar shi ya yi wasa da sa'o'insa. Uba ya je makaranta da ƙafarsa ya yi bayani. Kada kuma a manta da sauran 'ya'ya, suna ganin inda hankali da kuɗi suka karkata. Uwar ma tana gajiya, tana bukatar mai karɓar ta.

Malaman makaranta da ke cikin wannan zaure, ina roƙonku: idan yaro ya saba makara yana ɗingishi, ku tambaye shi kafin ku ɗaga bulala. Iyaye kuma, gaɓar yaro da ta kumbura ta ƙi saɓewa, kada ku jira ta cika mako 6, ku kai shi asibiti.